Sunan Da Ba Ya Kan Kati

Ni malamar firamare ce a Jega, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma ban taɓa ɗaukar kaina sakarya ba. Amma akwai wautar da na yi ina sane, har ina ganin tarbiyya ce na nuna.

Ranar da aka zo makarantarmu yi wa ma'aikata rajistar inshorar lafiya, an ce kati zai ɗauki ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'ya huɗu. Mai fiye da haka ya ƙara ɗan wani abu a sa masa sauran. Ni biyar gare ni. Mai rajistar yana zaune a ƙarƙashin dalbejiya, malamai sun kewaye shi, yana tambaya da ƙarfi yana rubutawa.

"Malama, ɗiya nawa gare ki?"

Na ce huɗu. Na jero su daga ta biyu zuwa auta. Wata abokiyar aikina ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, ta Danwarai hwa?"

"Waccan ɗiyat tsohuwa ta," na ce, aka kwashe da dariya.

'Yar farina take nufi. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Tun da aka yaye ta surukata ta ɗauke ta zuwa Danwarai, ƙauyen mijina. Kakarta take kira Inna, ni kuwa Malama take ce mini kamar ɗalibaina. Ba kuɗin ƙarin na ji wa ba, bai kai na atamfa ba. Bakina ne ya ƙi furta sunan a gaban maza. Na koma aji ina jin na fita kunya.

Bayan shekara biyu, wata ranar kasuwar Jega da hantsi, aka kira ni ina tsakiyar darasi. Ta biyun ta je gaida kakarsu, sai ita da yayarta suka hau kabu-kabu za su zo gida. Wata motar albasa ta goge su a kan hanyar Aliero.

Na same su a asibiti, a ɗakin gaggawa, gado yana kallon gado. Ƙaramar ce ke ihu, hannu ya karye, goshi ya tsage. Babbar kuwa shiru, ba jini ko ɗigo a jikinta, sai leɓɓanta da suka yi fari. Har na ce Alhamdu lillahi wannan ta tsira. Likita ya danna cikinta, ya dube ni, ya ce saifarta ta fashe, jini yana zuba ta ciki, dole a shiga da ita tiyata yau.

Na miƙa katin a tagar biya da ƙarfin gwiwa. Ma'aikaciyar ta duba ta sami ƙaramar. Hoto, ɗinki, ɗauri, ruwa, gado, duk ta buga hatimi. Abin da na biya na magani bai kai kuɗin kwandon albasa ba. Sai ta koma kan ɗayar takardar.

"Wagga hwa, mi as sunanta?"

Na waiga. Mijina yana hanya daga gona, ba wanda zai faɗa a madadina. Gadon yarinyar bai fi taku biyar da ni ba, idonta biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi sunan, da ƙarfi, har sau biyu, don hayaniya ta hana matar ji.

Ta bi katin da yatsa daga sama har ƙasa.

"Babu ta ciki, Malama."

Na san babu. Ni na cire ta.

Ba zan ɗora wa ma'aikatan laifi ba. Sun sa mata ruwa tun kafin a tambaye ni ko sisi. Amma kayan tiyata sai an saya, leda uku ta jini sai an biya gwajinta ko da dangi ne suka bayar, ga hoton ciki, ga allurai. Takarda tana bin takarda. Wani ƙanin mijina ya ce a kai ta wajen maɗoran Aliero mana, sun fi sauƙi. Na ce masa maɗori ƙashi yake ɗorawa, ya nuna mini wanda ya taɓa ɗora saifa.

Mijina ya iso, ya karanta takardun. Albasarsa tana cikin rudu, wato rumbun albasa, ya adana ta yana jiran damina ta yi tsada. A lokacin kuwa kaka ce, albasa ta cika kasuwa ba mai kallonta. Ya kira wani dillali daga Maiyama. Dillali kuwa in ya ji muryar mai majinyaci ya san farashin da zai yi. Buhu goma sha huɗu suka tafi a kuɗin da bai kai na bakwai ba in an jira. Kafin la'asar aka shiga da yarinyar tiyata. Mijina ya ba da jini, ni ma na miƙa hannu na bayar.

Ta tashi. Kwananta goma sha biyu a asibiti, kowace rana da takardarta. Ƙanwarta kwana uku ta yi aka sallame ta. Mota ɗaya ta buge su, ciki ɗaya suka fito, amma ɗaya ta ci kwando, ɗaya ta cinye noman shekara. A daminar nan bashi muka ci na taki.

Tun babbar tana kwance na je ofishin inshorar na sa ta a kati. Na faɗi sunan a gaban maza huɗu, ƙasa ba ta tsage ba. Yanzu duk sabuwar malamar da za ta yi rajista sai na tsaya a kanta na ce ta fara ƙirga daga sama. Wasu suna cewa na zubar da al'ada. Su faɗa. Ba su sayar da albasa a kaka ba.

Ranar da za a sallame ta ina naɗe tabarma, kakarta ta fita alwala, muka rage mu biyu. Ta daɗe tana kallona.

"Malama, ran da anka kawo mu na ji ki wurin taga."

Na ce mata zafin ciwo ne, mafarki ta yi.

"A'a, sau biyu kinka hwaɗa. Ni na aza ba ki san shi ba."

Shekararta goma sha shida a lokacin. Na ajiye tabarmar, na zauna a bakin gadon, na kira ta da shi. Ta amsa.