Gunborg Vesterlund, Matar da Ke Taɓa Kwalta da Bayan Hannu

Daga farkon Oktoba har ƙarshen Afrilu, duk wanda ya bi titin kwarinmu da ƙarfe shida na safe zai ga wata tsohuwar jar mota a tsaye kafin gadar kogi. Mai motar takan fito, ta cire safar hannu da haƙori, ta durƙusa ta ɗora bayan hannunta a kan kwalta, kamar uwa mai taɓa goshin yaro. Daga nan ta taka zuwa tsakiyar gada ta sake taɓawa. Sai ta koma mota, ta tsiyaya kofi, ta rubuta 'yan lambobi a littafinta, ta wuce ofis. Baƙi sun sha tsayawa su tambaye ta ko makulli ta yar.

Gunborg Vesterlund ke nan. Juma'ar nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya a ofishin kula da titunan yankinmu. Ni kuwa sunana Ebbe Sandgren, direban motar gishiri, wadda ke watsa shi a titi don kada ƙanƙara ta daskare a kai. Shekara ashirin da biyu na yi ina jiran umarninta, rabinsu ina gunaguni.

Mai hasashen yanayi a rediyo zai ce dusar ƙanƙara za ta sauka yau. To, wannan ai ko kakata da ciwon gwiwarta tana faɗa. Tambayar da ake biyan Gunborg ta amsa daban ce: ƙarfe nawa titi zai daina narkar da ita ya fara riƙewa? Idan muka makara da gishiri, motoci su zame. Idan muka yi gaggawa, tayoyi su share shi kafin a buƙace shi, ga kuma barewar kiwo ta makiyayanmu da ke jin ƙamshinsa tun daga daji, su fito su tsaya lasa a tsakiyar hanya, manyan motocin katako su bi ta kansu. Ofis na da na'urori a binne cikin titi, tana kuma duba su. Amma takan ce na'ura wuri ɗaya ta sani, titi kuwa kilomita casa'in ne.

Ba mace ce mai daɗin baki ba, kada in yi muku ƙarya. Idan ka kira ta ka ce, "Gunborg, ga ta nan tana zuba fa," sai ta ce, "Ina da taga, Ebbe. Zauna ka sha kofinka." Amma tambayi masu kai madara da sassafe, ko direbobin motar asibiti. Wasunsu ba su taɓa ganin fuskarta ba, sun dai san titin kwarinmu ba ya yi musu ba-zata.

Akwai rana ɗaya da ta sa na ɗauki alƙalami, ni da rubutu bai dame ni ba. Shekara bakwai ke nan, ƙarshen Oktoba. Heaika, babban makiyayin yankinmu, zai sauko da garken barewarsa daga dutse zuwa dajin da suke cin hunturu, kai ɗari takwas, kuma dole su tsallaka titi kusa da gada. Tun ana gobe za su sauko Gunborg ta ba shi alƙawari: ba za a zuba gishiri ba sai biyu da rabi, domin titi ba zai riƙe ba sai wajen uku saura kwata. Motar 'yan makaranta kuwa uku da kwata take bi ta wurin.

Ƙarfe goma na safe dusar ƙanƙara ta fara sauka, manya-manya. A lokacin muna da sabon manaja, Pontus, ɗan kudu, wata biyu da zuwansa. Ya dubi ma'aunin sanyi da ke jikin taga, ya shigo ɗakin Gunborg, ni ina tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

Ya ce, "Sanyi ya wuce na daskarewa da maki biyu. A fitar da motoci."

Ta ce, "Iska ce ta yi wannan sanyin, Pontus. A kan iska motoci ke tafiya? Kwalta kwana uku tana shan rana, har yanzu da ɗuminta. Gada kaɗai ce ba ƙasa a ƙarƙashinta, ita kuma na sa an watsa mata yashi."

"Saboda barewa za mu sa ran mutane a caca?"

"Ka zuba yanzu, zuwa ƙarfe biyu ba sauran gishiri a titi, sai garke a kai. Direban katako da zai taka birki a cikinsu shi ma ai mutum ne."

Pontus ya ajiye mata takarda ya ce ta sa hannu cewa ita ta hana, duk abin da ya faru wuyanta. Ko karantawa ba ta yi ba ta sa.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne 'yata Tuva, shekararta tara a lokacin, tana cikin yaran da motar makarantar za ta ɗauko. Na zauna cikin motata a bakin makaranta, gishiri tan takwas a bayana, ina kallon dusa tana faɗowa tana narkewa. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Wajen biyu saura na ga ciyawar gefen hanya ta yi fari fat. Na ɗauki rediyon aiki, wanda direbobi goma sha ɗaya da ofis gaba ɗaya ke ji.

Na ce, "Gunborg, ki sake ni in tafi."

Ta ce, "Ciyawa ce ta riƙe, ba titi ba. Heaika bai kai rabi ba. Jira."

Sai baki ya kufce mini. Na ce, "Ai dole ki ce jira. Ke ba ki da ɗa a motar nan. Ba ki da shi ko'ina."

Kaf garinmu an san ita da marigayi mijinta sun nemi haihuwa shekara da shekaru ba su samu ba. Magana kuwa zarar bunu ce. Can sai na ji muryarta, yadda take kullum, ta ce, "Na ji ka, Ebbe. Jira."

Biyu da minti goma ita da kanta ta kira. Ta ce, "Ku saurara duka. Na yi kuskure. Gajimare ya yi kauri fiye da yadda na ɗauka, titi zai riƙe biyu da ashirin da biyar, ba uku saura kwata ba. Ebbe, tashi yanzu, fara daga makaranta, ka nufo gada a hankali. Heaika, kwata gare ka, ka sa karnuka su matsa."

Na taɓa aiki da manya da yawa, ban taɓa jin wanda ya ce "na yi kuskure" a gaban mutum goma sha ɗaya da manajansa ba, alhali takardar da ya sa wa hannu tana kan tebur. Da ta yi shiru ta bar lissafin farko, wataƙila ba wanda zai gane, sai dai in motar yara ta gane mana.

Na iso gada wutsiyar garke na shiga daji, Heaika na ɗaga mini hula daga nesa. Titi a bayana baƙi wuluk, a gabana kuwa ya fara fari. Na ƙarasa zubawa, na juyo na tsaya a gefe. Uku da kwata motar makaranta ta wuce salun alun, Tuva na jingine da taga tana cin tuffa, ko kallona ba ta yi ba. Barewa ko ɗaya ba a rasa ba. Abin da Gunborg ta samu shi ne wasiƙar gargaɗi daga ofis, wai hasashenta ya kauce da minti ashirin.

Ke ce, Gunborg, kika tsare yaran wasu shekara talatin da ɗaya, iyayensu ba su ma san akwai ki ba. Mai aikin da in ya yi kyau ba a gani, in ya ɓaci kowa ya san sunanki. Kin koya wa matasan ofis su riƙa fita suna taɓa titi, har Pontus yanzu na ga yana durƙusawa a gada. Duk mai aikin da rayukan mutane ke hannunsa, ina roƙonsa ya ɗauki wannan daga gare ki: ya tsaya kan abin da ya sani ko ana zaginsa, in kuma ya ga ya kauce, ya faɗa da wuri, da babbar murya.

Yabon gwani ya zama dole, amma ni ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Washegarin ranar nan na shigo ofis ina sunkuyar da kai, kika tura mini kofi kika ce, "Yaya Tuva?" Na ce lafiya lau. Shi ke nan. Mu mutanen kwarin nan ba mu iya ba da haƙuri ba, sai mu share wa mutum dusar ƙanƙarar ƙofar gida mu ɗauka an gama magana. Hunturu bakwai ina share ƙofarki kafin in share tawa, kin sani, na sani, ba wanda ya ce uffan. Amma shebur ba baki ba ne. A gaban mutum goma sha ɗaya na faɗi maganar, saboda haka a gaban jama'a zan janye ta. Ƙarya na yi, Gunborg. Yara ashirin da uku ne a motar nan, kuma a ranar ba wanda ya fi ki zama uwarsu. Na gode, kuma ki yafe mini.