Igiyoyin Gwangwanin da Na Kwance

Ni mai walda ne a Kwanar Dangora, kuma duk mai walda yana da ciwo guda: ba ya iya ganin ƙarfe yana motsi ya ƙyale shi. Ƙofa ce ke rawa, ko ƙafar benci, ko salansar babur, hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na ɗana wa abin wuta ya tsaya cak. Wannan halin ya ciyar da ni shekaru, shi ne kuma ya cinye mana shinkafar Baba a daminar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Gonar tana fadama a bayan Yako, ita ce abincin gidanmu daga kaka zuwa kaka. Idan shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, sai janbaki su sauko, tsuntsayen nan ƙanana masu tafiya garke guda, su tsotse ƙwayar tun ba ta yi tauri ba. Maganinsu a wurinmu tsoho ne. A kafa sanduna, a ja igiyoyi a saman shuka, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mutum ya zauna yana ja yana ihu tun fitowar rana. Baba ya ɗaura nasa da hannunsa a shekarar, kwana uku kafin ciwon ya kayar da shi.

Ni kuwa shekara biyu ke nan ina ƙera ɗan jirgi mai saukar ungulu a bayan shagona. Tsawonsa bai wuce benci ba, ba a shiga, da rimot ake tuƙa shi. Injinsa na feshin maganin ƙwari ne, irin wanda ake goyawa a baya, fukafukan farfelarsa biyu wani masassaƙin turmi ya sassaƙa min. A bayan shagon, inda katanga ta kewaye, na sha tayar da shi ya kai tsayin mutum ya tsaya. 'Yan acaɓa suka yi ta tafi, kaina ya kumbura.

Don haka na durƙusa gaban Baba a zaure na ce ya kwantar da hankalinsa, bana jirgi ne zai kori janbaki. Maganarsa ba ta fita sosai, sai ya yi ta kaɗa hannunsa mai lafiya. Na ɗauka tsoron sabon abu ne irin na tsofaffi. Inna kuma, da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi min gardama ido da ido. Tukunya ta kalla ta ce, "A faɗa wa mai jirgi, igiya ba ta tare wa kowa hanya ba."

Ta tare wa jirgina, in ji ni a raina, domin farfela za ta naɗe ta. Washegari na je na kwance igiyoyin nan kaf, inda ƙulli ya ƙi na sa wuƙa, na tuttuge sandunan, na jibge komai a gindin ɗorawar da ke kusurwar gona.

Ban taɓa gwada jirgin a fili ba sai ranar, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya. Fadama ba ta da katanga, iska tana kaɗawa son ranta. Jirgin ya ɗaga kamar kamu biyu, ya karkata hagu, ya kife, farfela ta haƙa laka ta karye. Na tsaya da rimot a hannu ina kallon janbaki suna sauka a bayana.

Abin da ke faruwa sai daga baya na gane shi. Fiffiken da ke juyowa yana fuskantar iska ya fi samun ƙarfin ɗagawa, wanda ke bin bayan iska kuma ƙarfinsa ya ragu. Ni kuwa na liƙe kan farfelar da sandar da ke juya ta, na yi musu walda har zagaye uku. To ɓangaren da ya fi ƙarfi ba shi da inda zai kai ƙarfinsa, sai ya ɗaga jirgin dungurungum ya juye shi. Amma a ranar, tunanin mai walda na yi: lalle wani abu ne ya saki. Na koma shago na ƙara wuta, na ƙara masa ƙarfen tokara. Ya sake kifewa hagu. Na ƙara. Ya sake. Masassaƙin ya fara tambayata ko itacen girki nake so ya faskara min kawai, ya huta.

Mayar da igiyoyin aikin yini ɗaya ne, na sani sarai. Amma wannan yinin a wurina daidai yake da in tsaya a bainar jama'a in ce na yi ƙarya. Kullum sai in ce gobe zai tashi. Kullum kuma kan shinkafa ƙara fari yake yi. Ina cikin walda na ƙone babban yatsana ban ma ji ba sai da na ji ƙauri. Tsoro nake ji, tsoro sosai, don na san rumbunmu ba shi da wata gonar da yake jira.

Tun kwana na biyu Inna ta fara fita. Matar da ba ta taɓa aikin gona ba tunda aka kawo ta gidan, sai ga ta da hijabi a bayan babur bayan asuba. Ta zaro igiya ɗaya daga tarin da na jibge, ta ƙuƙƙulla ta, ta ɗaura daga ɗorawa zuwa sanda guda. Ina hango ta idan na kai jirgi gwaji, ina jin muryarta daga nesa. Ban taɓa zuwa ta wajen ba, kunya ba ta bar ni ba.

Rana ta shida na shigo zaure da la'asar, riƙe da karyayyen fiffike. Ban yi niyya ba, amma na zube gaban Baba na yi ta zuba, na ce na ɗaure jirgin ta ko'ina, ya ƙi, kullum gefe ɗaya yake faɗi. Sai Baba ya nuna ƙofa da sandarsa, na tallafe shi muka fita inda amalanken shanunmu yake ajiye. Ya daki kan karkiyar ta gefe ɗaya. Gefen ya sunkuya, ɗayan ya ɗaga, amalanken bai motsa ba.

"Bijimi ɗaya a rami, ɗaya a tudu," ya ce, kalmomin suna fita da ƙyar. "Ka ɗaure tam, ka kifar da kaya. Sake shi."

Tun ina yaro nake hawa amalanken nan, ban taɓa kallon tsakiyar karkiyarsa ba. Da safe na yanke waldar da na yi ta tarawa, na ɗora kan farfelar a kan ƙusa ɗaya mai kauri, yadda zai riƙa lilo: fiffiken da iska ta fi tura ya ɗaga, ɗayan ya sauka. Zuciyata ba ta so ba. Ganin abin yana rawa a hannuna kamar na bar aiki rabi ne.

Jirgin ya tashi a cikin iska bai karkata ba. Ban gama murna ba wata iska ta bugo, fiffiken ya yi ƙasa fiye da kima, ya sare wutsiyar jirgin fit. Na zauna a kan kunya na riƙe kai. Da na koma gida na sake duba karkiyar, sai na ga robar taya da Baba ya nannaɗe ta da ita. Tana lilo, amma da iyakarta. Na yanko roba biyu daga tsohuwar tayar babur na ɗaura a ƙarƙashin kan farfelar, dama da hagu, in ya sunkuya ya tarar da su. Gyaran wutsiya ya ci kwana biyu.

Rana ta tara jirgin ya tashi. Ya bi gonar daga wannan kai zuwa wancan, iska tana dukansa yana tafiya a miƙe, janbaki suka tashi duhu guda suka yi gabas. Na sauke shi lafiya, na faɗa cikin shukar da gudu. Na kama zangarniya na murza, ƙaiƙayi. Na matsa gaba na murza wata, ƙaiƙayi. Na ratsa gonar nan kaf ina murzawa ina hurewa, ba abin da ya zauna a tafina. Sai a kusurwar ɗorawa, iya tsawon igiya ɗaya, na ga kawuna sun sunkuya da nauyi.

Inna tana zaune a gindin bishiyar. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da aiki." Bakinta ya motsa, amma ba abin da ya fito, kwana takwas na ihu sun tafi da muryar. Ba ta dube ni ba. Ta miƙo min bakin igiyar, na ga inda ta yanka mata tafin hannu, ta ɗaure wurin da gefen ɗankwali.

Janbakin sun riga sun juyo. Biyu suka sauka a kan fiffiken jirgina, ya ɗan sunkuya da su, ya tsaya a kan robarsa yadda na gyara shi. Sauran suka nufo kusurwar Inna. Na naɗa igiyar a hannuna na ja, gwangwanayen Baba suka yi ƙara, na buɗe baki na fara ihu.