Langar Malam Iro

Duk wanda ya koyar tare da mu a firamaren nan ta bayan Ƙofar Kuyambana ya san ana jin keken Malam Iro kafin a ga Malam Iro. Ba ƙararrawa ake ji ba, don ita ta mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Langa ce, babbar langa mai ruwan ɗorawa, ɗaure a bayan keke da tsohon ɗankwalin matarsa Hajiya Yelwa, murfin na ta kaɗawa duk inda taya ta faɗa rami. Cikinta dambun masara ne da zogale, kullum, Litinin zuwa Juma'a. In an fita tara sai ya girke ta a tsakiyar tabarmar ɗakin malamai, ya ɗebar wa malamai mata nasu a faranti, ya naɗe hannun riga, mu maza mu kewaye. Shi ke zuba mai, shi ke barbaɗa yaji, shi ke cakuɗawa, shi ke tura wa kowa gabansa. Hannunsa ba ya fita daga langar nan har a tashi, shi ya sa na raɗa masa Sarkin Loma. In na kira shi haka sai ya yi murmushi ya ce, "Na amsa, Malam Sani."

To kun san zamanin da muka shiga tun da kowa ya mallaki babbar waya. Kowane zango sai wani cikinmu ya zo da sabon tsarin rage ƙiba. Wannan ya daina tuwo, wancan ya daina mai, wani kuma ba ya sa komai a baki sai la'asar. Duk wanda ya zo ya yi shelar nasa, amsar Malam Iro ɗaya ce, ba ya ƙari ba ya ragi: "To, madalla. Naka na nan."

Sai ya yanki rabon mutumin ya zuba a wani ƙaramin kwano, ya rufe, ya ɗora a kan kabad ɗin bayan ƙofa, inda ba a hangowa ta taga. Ana gama ci sai ya ce, "Ku taso mu yi walha." Har waɗanda ba su taɓa yin walha a gidajensu ba sai ya tasa su gaba, a bar mai tsari shi kaɗai a ɗaki. Alwalar walhar Malam Iro kuwa, mai sauri zai iya zuwa Tukur-Tukur ya dawo bai kai ga ƙafa ba. In mun dawo sai ya sauko da kwanon, ba ya buɗewa a gaban kowa, ya ƙulle shi cikin ɗankwali. In akwai saura, kajin Hajiya ne da riba, don Malam Iro ba ya zubar da ko ƙwayar tsaki. Kajin nan kan yi kwana uku suna shagali duk lokacin da aka soma sabon tsari, a rana ta huɗu su koma tonon ƙasa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kun sani, ba sai na ɓoye ba. Ni ne mai riga shi zuwa kabad in ɗaga kwanon in ji nauyinsa, sannan in sanar wa jama'a sakamako. A lokacin gani nake raha ce, har ina jin daɗin cewa ni ne gishirin ɗakin.

Kun tuna Malama Rabi ta aji uku, da ta koma kokwamba da dafaffen ƙwai saboda bikin ƙanwarta. Bayan mako biyu ta tsaya a gaban Malam Iro ta ce, "Baba Iro, tsakaninka da Allah, ka ga na rame?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ce, "Malama, wannan na karatu ne. Amma muryarki na ji ta garau, alhamdu lillahi."

Ta yi dariya za ta wuce ke nan, ni da ba a tambaya ba na ce, "Ni nawa idon lafiya lau ne, Malama. Kin ma ƙara kumatu." Ranar bikin kowa ya samu ledarsa ta cincin da dubulan, ni aka ba ni kalanda.

Haka lokacin da hedimasta ya sayo shayin rage tumbi. Yana tsakiyar yi wa yara jawabi a asambuli sai ya yi shiru, gumi ya keto masa, ya dubi gabas ya dubi yamma. Malam Iro ya matso a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, ana nemanka a ofis," ya karɓi jawabin daga inda aka tsaya, alhali bai san kansa ba bai san gindinsa ba. Ya yi wa yaran nan wa'azin yanke farce har hedimasta ya dawo. Ni kuma a ranar na ɗauki alli ina jan layi a bayan ƙofa duk fitarsa ɗaya zuwa ban ɗaki, na samu bakwai kafin a tashi.

Duk waɗannan an yi dariya sun wuce. Wanda bai wuce ba shi ne na Bashir.

Ni da Malam Bashir tare muka tashi a Ƙofar Jatau, bango ɗaya ya raba gidajenmu. Makarantar allo ɗaya, firamare ɗaya, aiki ma wuri ɗaya, kullum da safe shi ke goyo na a babur ɗinsa. Mutum ne mai jiki tun muna yara, kuma ba ya son a yi zancen. Wata Litinin ya janye hannu daga langa ya ce, can ƙasa-ƙasa, shi ya bar hatsi gaba ɗaya, daga nama sai ƙwai sai ganye. Malam Iro ya ce, "To, madalla. Naka na nan." Ni kuwa na miƙe na je na dafa kujerarsa na yi mata barka da arziki. Washegari na aro tef ɗin awo wajen tela, na zo a gaban kowa, har da mata, na ce a soma ɗaukar awo don tarihi. Aka yi dariya, ba kowa ba, amma aka yi. Bashir ya dube ni, ya ɗauki littattafansa ya fita.

Da safe na tsaya a ƙofar gida har rana ta yi zafi, babur bai zo ba. Bai sake zuwa ba. Ya mayar da teburinsa can jikin taga. In mun haɗu a masallacin unguwa sai sallama kawai, irin wadda ake yi wa baƙo. Zango biyu cur muka yi a haka, kuma wallahi abin ya ci ni, amma girman kai ya hana ni zuwa. Ina ta gaya wa kaina ai wasa ne, shi ne bai iya ɗaukar wasa ba.

Sau ɗaya tak Malam Iro ya taɓa ni a kan maganar. Muna alwala ya ce, "Malam Sani, ka tambaye shi abin da ya sa?"

Na ce, "Abin da ya sa me? Ai a waya ya gani."

Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da wanke kunne.

Ashe an auna Bashir an ce jininsa ya hau, mahaifinsa kuma abin da ya kwantar da shi ke nan a daidai waɗannan shekarun. Tsoro ne ya sa ya cafki tsarin farko da ya gani a waya. Ni da muka yi rarrafe tare ban sani ba, don ban tambaya ba. Malam Iro bai ce masa tsarin nan daidai ne ko kuskure ba. Wata Laraba dai ya ce masa, "Malam Bashir, raka ni asibiti mana, ba na ganin rubutun katin nan." Suka tafi, suka ga likita, Bashir ya dawo da takardar abin da zai ci da wanda zai rage, har da dambu kaɗan a ciki. Ni duk a zatona ido aka je dubawa.

Sai Allah ya kawo ranar tawa. Na kai ɗinkin Sallah wajen telana a Tukur-Tukur, ya zagaya tef a cikina, ya duba, ya sake zagayawa, ya ce, "Malam, yadi huɗun nan fa sai dai a yi haƙuri da aljihu." Kafin in iso gida na samo maganin abin a waya: kwana ashirin da ɗaya, ruwan ɗumi da lemon tsami da citta da safe, dafaffen kabeji da rana, shi ke nan. Da mai hankali ne sai ya yi abinsa shiru. Ni sai da na tsaya a tsakiyar ɗakin malamai na yi lacca, na bayyana cewa su duk sun kasa ne saboda rashin ilimin abin. Malama Rabi ta ajiye jan biro ta gyara zama. Hedimasta ya leƙo daga ofis. Na ga ramuwa a idon kowa, kuma na san na cancanta.

Malam Iro ya riga kowa. "To, madalla. Naka na nan." Yadda ya faɗa, ba wanda ya iya ƙara komai a kai.

Kwana uku na daure. Na huɗu, ban san ko da gangan Hajiya Yelwa ta yi ba, dambun ya zo da soyayyar albasa da gyaɗa. Ina zaune da kwanon kabejina ina jin yara a ajin kusa suna karanta biyu sau biyu, ni kuma ina ganin biyu-biyu. Aka ce a taso a yi walha, ɗaki ya watse. Ban ko wanke hannu ba. Na sauko da kwanon na tsaya a bayan ƙofa ina ɗurawa, ina haɗiya ba tauna, mai na bi mini ta gwiwar hannu.

Ƙofa ta buɗe. Bashir ne.

Muka tsaya muna kallon juna, baki cike, zogale a gemu. Duk maganar da na taɓa yaɓa masa ta dawo mini, na ce yau sai ya tara mini makarantar nan kaf, kuma da gaskiyarsa. Ya miƙa hannu ya laluba kan kabad, bai samu komai ba, ya juya ya fita ya ja ƙofa. Sai na ji muryarsa a waje: "Dakata, Malama Rabi, kada ki shiga. Malam Sani na canza riga."

Can ya dawo da kofin ruwa ya ajiye mini. Ya ce, "Sha, kada ya shaƙe ka."

Maganar farko ke nan da ya yi mini a zango biyu. Na ce, "Bashari, ka yafe mini, ni wawa ne," amma da yake bakin a cike yake sai da na maimaita. Ya ce, "Na ji na ƙarshen tun farko." Muka yi dariya, ni tawa da hawaye. Na tambaye shi me ya dawo ɗauka. Ya ce Malam Iro ne ya aiko shi, wai ya manta carbinsa a kan kabad. Da muka fito, ga Malam Iro can gindin darbejiya yana lazimi, carbin na hannunsa. Washegari da safe na ji hon ɗin babur a ƙofar gida.

Da daminar bara Malam Iro ya rasu, bayan jinyar kwana biyar. Ranar sadakar uku Hajiya Yelwa ta sa aka kira mu ni da Bashir cikin gida. Ta turo mana langar nan, a wanke, ƙaramin kwanon na ciki. Ta ce, "Ku riƙe, ku ne masu ita. Shekara tara ina turara dambun nan, shi bai sa shi a baki ba."

Na ce, "Wa, Hajiya?"

Ta ce, "Malam mana. Tun da suga ya kama shi likita ya hana. Ɗan faten accansa yake sha a gida kafin ya fita. Na ce to a daina dafawa, ya ce in aka daina kowa zai koma teburinsa ya ci shi kaɗai."

Ni da nake ƙirga lomar kowa, ni da nake auna kwano da hannu, shekara tara ina zaune gwiwa da gwiwa da mutum ina kiransa Sarkin Loma, ban lura hannun nan turawa kawai yake yi ba, ba ya zuwa baki. Na dubi Bashir na ga bai yi mamaki ba. Tun ranar asibitin nan ya sani.

Da muka fito zaure na ce, "Me ya sa ni bai gaya mini ba?"

Bashir ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce kana ƙaunarsa da yawa. In ka sani, kullum sai ka tsare shi da ido da shawara, ka gaya wa kowa don a tausaya masa, daga nan zaman langa ya gagare shi."

Ban musa ba, don haka zan yi, har da lacca.

Yanzu ni da Bashir ke kawo langar, mako-mako, a bayan babur. Watan jiya sabon malamin lissafi ya ce shi ya koma 'ya'yan itace zalla. Maganganu uku masu daɗi suka zo mini har bakin leɓe, Bashir ya taka mini ƙafa, na haɗiye su, na ce, "To, madalla. Naka na nan." Na yanki rabonsa na rufe, na ɗora kwanon a kan kabad.

Ya Allah, bawanka Iro ya rufa mana asiri muna ci a bayan ƙofa, bai taɓa buɗe kwanon kowa a gaban mutane ba. Kada ka buɗe nasa ranar da ake buɗewa. Ka jiƙansa, ka yafe masa, ka ba Hajiya Yelwa haƙuri. Abin da ya tura gabanmu shekara tara bai ci ba, ka sa ya tarar da shi a ajiye, a rufe, yana jiransa. Amin.