Na Bi Zaɓe Garuruwa Uku

Ikara

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na hau acaɓa daga Malikanchi. Manoman mazaɓarmu ne suka tura ni zaɓen shugaban ƙungiyar manoma ta shiyya, da saƙo ɗaya: a sauke Alhaji Garba, wanda takin rangwame ya ɓace a hannunsa damina biyu, ga tsadar rayuwa ta hana kowa sakat.

Na tarar da ɗakin taro a kulle.

"An mayar da shi Makarfi, Malam," in ji maigadi. "Jiya aka bugo waya."

Ni dai wayata ba ta yi ƙara ba.

Makarfi

Mu shida a bayan ƙaramar mota, shinge biyu a hanya, kuɗin mota ya ninka na bara. Tara da minti arba'in muka sauka. A tasha na ga Malam Iro, wakilin Kurmin Kogi, yana shan rake.

"Kai ma sun yi maka? Yanzu kuma wai Kudan."

Ya ce wakilai da dama guzurinsu ya ƙare, sun juya gida. Muka ci ƙosai a tsaye, ina tunanin ko dama juyawar ake so.

Kudan

Sha biyu da kwata. Ashe ba ɗakin taro ba ne, gidan wani attajiri ne, ana duba suna a ƙofa. Sakataren ƙungiya ya tare mu da fara'ar da ta yi yawa.

"An yi sasanci, Alhaji zai zarce. Manya sun duba, mai jin yunwa mudun shinkafa ke yi masa zaɓe. In abubuwa sun lafa, a kaɗa ƙuri'a."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai yunwar ce ta aiko ni."

Ya miƙo takardar amincewa, ya ce duk wanda ya sa hannu mota za ta kai shi gida. Malam Iro ya sa, bai dube ni ba. Ban ga laifinsa ba, amma ni na mayar da biron.

Gida

Wani direban motar rake ya rage mini hanya, Allah Ya saka masa da alheri. Bayan La'asar na iso lafiya, alhamdulillahi. Jama'a na jira a ƙofar masallaci. Baba Sale, dattijon unguwarmu, ya tambayi ƙuri'a nawa muka samu. Na ce ba a kaɗa ko ɗaya ba.

Ya ce, "Sannu da hanya. Baɗi gaba ɗayanmu za mu je."