Na Ce Mahaifina Ya Ruɗe Don Kada A Kore Ni Daga Ɗakin Haya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, kunya ce take riƙe mini hannu. A lokacin ni manomi ne ɗan shekara talatin da ɗoriya, a wani ƙauye bayan Kutemeshi a ƙasar Birnin Gwari, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu, ban taɓa kwana uku a jere a birni ba. Da 'yan bindiga suka hana mu shiga gona damina biyu, na kwashi iyalina muka nufi Kaduna. Mahaifina ya ƙi binmu, ya ce shi ya tsufa da gudu.

Neman ɗaki ya ba ni wahalar da ban taɓa sha ba. Duk gidan da na je sai a tambaye ni daga ina, da na ce Birnin Gwari sai fuska ta canja, a ce ai an riga an kama ɗakin. Wata mai gida ma ta faɗa mini ido da ido cewa ba za ta ajiye mai kai wa mutanen daji rahoto ba. Mu da muka gudo daga hannunsu fa! Sati uku muna raɓe a wani kango, ruwa na dukanmu, kafin dillali ya ba ni shawara in ce ni mutumin Zariya ne, tunda Hausarmu ɗaya. Na faɗi haka a gaban wani mai gida, na maimaita a gaban mai unguwa, aka miƙo mini makulli. Na fara dako a kasuwa, na kuma ja wa yarana kunne kada su kuskura su ambaci sunan garinmu.

Bayan wata shida aka ƙone ƙauyenmu, Baba ya iso da 'yar jakarsa. Baba mutum ne mai hira, ba ya minti biyar bai kawo zancen gonarsa da dajin Kamuku ba, kuma bai iya ƙarya ba ko ta wasa. Tsoro ya kama ni. Na roƙe shi ya riƙa salla a ɗaki, na ce masa birni ba kamar gida ba ne. Mutumin da tun tasowata ban ga ya rasa jam'i ba, sai ga shi yana jin kiran salla ta taga, yana shimfiɗa buzunsa tsakanin katifa da tukwane. Wata huɗu haka. Ya rame, ya daina hira, wani lokaci in dawo in tarar da shi tsaye yana kallon bango. Ina gani, amma na yi kamar ban gani ba.

Wata rana da la'asar ya gaji ya fita masallacin unguwa. Ina dawowa daga kasuwa na hango shi a tsakiyar dattawa, har da mai gidanmu, yana ba su labarin yadda aka ƙone mana rumbuna, yana kiran sunan ƙauyenmu tiryan-tiryan. Mai gidan ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na yi dariya na ce su yi haƙuri, tsufa ya taɓa masa kai, abin da ya ji a rediyo ne yake ɗauka a kansa ya faru. Dattawan suka hau Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Baba ya dube ni, ya ɗauki takalmansa.

Washegari ya ce in raka shi tasha. Na durƙusa ina ba shi haƙuri, ya ce ya yafe mini, amma gara ya koma inda in ya yi magana za a yarda da hankalinsa. Ya sauka wurin wani ɗan'uwanmu a cikin garin Birnin Gwari. Da ruwa ya sauka ya ɗauki fartanya ya tafi duba gonarsa, a can aka harbe shi. Na je na binne shi na dawo, na ce wa maƙwabta biki na je.

Abin da na koya shi ne, ƙaryar da ka yi don ka sami wurin kwana ba ta tsayawa a bakin ƙofa, tana shiga ɗakin da kai, kullum sai ka ƙara mata wata. Ina roƙon masu gidajen haya su ji tsoron Allah, wanda ya gudo daga daji ba shi ne ɗan daji ba. Ku kuma 'yan'uwana da kuka shigo birni, ku faɗi garinku ko da za ku ƙara wata guda a kango. Ni ga shi shekara biyu ke nan ban karɓi gaisuwar mahaifina daga bakin kowa a unguwar nan ba. Ko jiya sai da mai gidanmu ya tare ni a ƙofar masallaci ya tambaye ni ya jikin Baba, na ce masa da sauƙi.