Kambun da Ba a Zo Karɓa Ba

Abin da mijina ya fara nuna mini bayan an kai ni gidansa a Zuru shi ne bangon zaure. Ko rumbu da madafi sai daga baya na san inda suke. Ya tsayar da ni, lallen amarci bai ko gama fita a hannuna ba, ya ce in duba da kyau. Na duba. Tsinkayen itace ne aka kakkafa cikin laka tun tana ɗanya, jeri bisa jeri, kowanne da kambu rataye, wato ɗamarar fatar nan da 'yan kokawa ke ɗaurawa a damtse. Wasu jajaye, wasu zufa ta mayar da su baƙi, wasu an yi musu ado da wuri, ɗaya har da gashin wutsiyar saniya. Zauren duk warin tsohuwar fata yake yi. Na ce sun yi kyau, don ban san abin da zan ce ba.

Wannan a shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna, sojojin garinmu da suka dawo daga yaƙin ƙetare suna ta yawo kasuwa da tsofaffin takalmansu. Mijina bai je soja ba. Ɗan kokawa ne, kuma a lokacin ba a san wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa ba.

Al'adar 'yan kokawar yankinmu ita ce, in ka kayar da mutum a fage bayan girbi, gaban makaɗa da jama'a, zai kwance kambunsa ya miƙa maka. Amma ajiya ce aka ba ka. Duk shekara in kaka ta yi, mai kambu yana da ikon ya zo ƙofar gidanka ya kira ka fage. In ka fito kun kama, wanda ya yi kaye shi ke tafiya da kambun. In ka ƙi fitowa, ko ka kasa, sai ya shiga zaurenka da ƙafarsa ya cire abinsa, ba mai hana shi. Mutanen Bena sun zo sun kira, na Dirin Daji sun zo, sun koma da damtse tsirara, wasu ma sun bar na biyu.

Shi ya yi kaye, ni na sha wahala. Fata ba ta son damina. Da ruwa ya zauna sai funfuna ta hau su, in sauke su duka, in goge da tsumma, in shafa man kaɗe, in turara su da hayaƙin kara, in mayar. Gindin bangon kullum da toka saboda gara. Ɓeraye kuwa ni da su mun zama abokan gaba na har abada. Kuma kowane kambu da tsinkensa: na manyan ƙarfafa a sama, na yaran da suka zo gwada sa'a a ƙasa. In na kuskura na musanya biyu, yana shigowa zai gani tun kafin ya tuɓe takalmi. Mutumin da zan sake zane sabo bai lura ba. Ban taɓa jin sannu daga bakinsa a kan aikin nan ba, kuma na riƙe abin a zuciya, ba zan ɓoye ba.

In baƙi suka zo, ƙarƙashin bangon yake shimfiɗa musu tabarma. Ya ɗauki sanda ya riƙa nunawa, wannan na wane ne, ga yadda aka yi. Ina jiyo shi daga cikin gida ina daka. Labarin mutumin Bena kam na ji shi har na haddace, kuma duk shekara mutumin ƙara tsawo yake yi.

Akwai ɗaya da sandar ba ta taɓa nunawa ba. Yana can kusurwa kusa da ƙofa, ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa, inda idon mai tsayuwa ba ya sauka. Ƙarami ne, baƙi, ba wuri ba ado. Da na tambaya sai ya ce in shafa masa mai kamar sauran, in bar tambaya. A bakin rijiya na samu labarin. Na wani saurayi ne ɗan Dabai, kafin aurenmu. Mijina ya ɗaga shi ya kayar, yaron ya sauka a kan wuya. Yana kwance ba ya motsi ubansa ya durƙusa ya kwance kambun ya miƙa, don haka doka take, sannan aka ɗauke shi. Bai kai ranar kasuwa ta gaba ba ya cika.

Haka muka zauna shekaru. Sai wata damina yana tsakiyar noma ya yanke jiki ya faɗi cikin dawa. Da aka kawo shi gida ɓarinsa na hagu ya shanye, bakin ya karkace. Mun yi na malamai, mun yi na masu saiwa, mun je asibiti. Hannu da ƙafa suka ƙi dawowa. Magana ta dawo, amma a hankali, da nauyi. Abin da ya fara nema da ya iya haɗa kalmomi shi ne a fitar da shi daga ɗaki a shimfiɗa masa a zaure.

Da dawa ta fara nuna, hankalina ya tashi. Na san abin da kaka ke kawowa. Na sami babbar tukunya na wanke, na zo na durƙusa kusa da shi.

Na ce, "Maigida, bari in kwashe su in ɓoye cikin ɗaki. In sun zo in ce gara ta cinye."

Ya ce, "Ba nawa na ba. Ajiya ta. Ki bar su inda suke."

"To mi za ka yi in sunka kira?"

"In tashi," in ji shi.

Na fita da tukunyata ina kuka don haushi. A raina kuma ina cewa ai ba wanda zai zo. Wane marar kunya ne zai kira shanyayye fage?

Mutumin Bena ne ya fara zuwa. Ranar na fara ganinsa ido da ido, ashe gajere ne, mai furfura a gemu. Ya zo da ƙwaryar zuma, ya zauna ya gai da mijina da jiki, suka taɓa hira kan damina. Har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Sai ya miƙe, ya fita waje, ya tsaya a ƙofar zaure, ya ɗaga murya ya yi kiran nan da ake yi.

Mijina ya dafa tabarma da hannun dama. Ya yunƙura. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya keto masa, kafaɗa ɗaya ta rabu da ƙasa, sai ya koma. Ya sake. Na matso zan tallafe shi, ya daka mini tsawa da karkataccen bakin nan. Mutumin yana waje yana jira, ya ba shi lokaci mai tsawo, ba zan yi masa ƙarya ba. Daga baya ya shigo kansa a sunkuye, ya miƙa hannu can sama ya cire kambunsa.

Na bi shi har waje, na manta da mayafi. Ba abin da ban faɗa masa ba. Ya tsaya ya saurare ni har na gaji.

Ya ce, "Uwargida, in na bar shi nan don tausai, na maishe shi abin sadaka ke nan. Ki tambaye shi, shi ya san hakanan. Da ni na kwance, shi ma da ya zo."

Da na koma zaure mijina ya ce, "Gaskiya yah hwaɗi. Ba ni ruwa."

Daga nan suka yi ta zuwa. Wasu da gaisuwa, wasu ko zama ba su yi. Wani tsoho da shi ma da ƙyar yake tafiya, 'ya'yansa suka riƙo shi, ya yi kiransa da muryar da ba ta fi ta ɗan akuya ba, ya cire nasa ya tafi yana murmushi. Wannan ban yafe masa ba har yau. Kowane kira mijina sai ya yunƙura. Bai taɓa kwanciya shiru ya bari a ɗauka ba, kuma bayan kowane yunƙuri sai ya kwana biyu ba ya iya cin tuwo. Duk inda aka cire kambu sai ya bar tabo fari a bango, inda hayaƙin da nake turarawa bai taɓa kaiwa ba. Aikina ya ragu, abin da na daɗe ina roƙo, amma ban ji daɗin ko rana ɗaya ba.

Kafin kaka ta biyu ta wuce bangon ya zama tsinkaye zalla. Baƙi suka daina zuwa, don ba abin nunawa. Saura guda ɗaya, na ɗan Dabai, wanda ba mai zuwa kira a kansa. Ya rataye shi ƙasa ne don kada idonsa ya riƙa faɗawa kai yana tsaye. Yanzu da yake kwance a tabarma, kambun daidai fuskarsa yake. Ya buɗe ido shi zai gani. Kuma ɓarin da yake iya kwanciya a kai can yake fuskanta.

Ya rame. Ya daina tambayar labarin gona. Wata safiya ina ba shi kunu ya kawar da kai ya ce, "Ki kai shi Dabai. Uwar yaron tana da rai. Ki ce mata na kasa tashi, abinsu ya koma."

Na bi matan Dabai da ke dawowa daga kasuwa, kambun ƙulle a bakin zanena. Aka nuna mini gidan a gindin dutse. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, maginiyar tukwane, na same ta hannu duk yumɓu. Hausarta kaɗan ce, ni kuma ba na jin yarensu na C'lela, amma da na kwance zane ta ga abin, ba a buƙaci tafinta ba. A bayan gidan akwai kabari da aka jera tukwanen ado a kai, irin yadda suke yi wa nasu. Ban tambaya ko na wane ne ba.

Ta wanke hannu kafin ta karɓa. Ta jujjuya shi, ta kai hanci ta shaƙa. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Wa yana sa mai?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta gyaɗa kai. Sai ta miƙo mini shi.

Na ƙi karɓa. Na ce, "Inna, naku na. Maigidana ya shanye, ba shi iya tashi. Kowa ya zo ya amshi nashi. Shi yac ce in kawo maki."

Ta ce, "Kowa ya zo, ya kira, ya ɗauka. Ni ban yi kokawa ba. Mai shi ya zo ya kira."

"Inna, ki ji tsoron Allah. Mutumin ga mutuwa shikai, kuma abin ga shika kallo dare da rana."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Nawa ya riga shi." Ta kama hannuna ta buɗe, ta sa kambun a ciki, ta rufe yatsuna a kai. Ta ce, "Ki yi ta sa mai, ɗiyata." Ta koma kan yumɓunta.

A hanya na tsaya bakin wani rafi. Na yi tunanin in jefa shi in koma in ce ta karɓa har ta sa albarka. Na daɗe tsaye. Amma hannuna ya shafa wa abin nan mai shekara da shekaru, kuma uwarsa ta shaƙe shi a gabana. Na kasa. Na ji haushin tsohuwar, na ji haushin mijina, na ji haushin duk namijin da ya taɓa ɗaura fata a damtse, na ƙulle shi a zane na kama hanya.

Ina shiga zaure ya dubi bakin zanena, ya gane. Bai tambayi abin da ta ce ba.

Na ce, "Bari in rataye shi can bisa, ga wuri nan ko'ina."

Ya ce, "Wurinai."

Na mayar da shi tsinkensa na ƙasa.

Ya ƙara ganin kaka ɗaya. Da aka fara yankan dawa ya ce in riƙa barin ƙofar zaure a buɗe, kuma in riƙa sa masa warkinsa na kokawa kowace safiya. Na yi masa gardama, na ce wa ya rage da zai zo? Haka nake ɗaga shanyayyar ƙafar in ɗaura masa, ya kwanta yana fuskantar kusurwar, kunnensa a ƙofa. In wani ya yi sallama sai in ga hannun dama ya dafa tabarma. Mai tallan gishiri ne, ko maƙwabci mai neman aron galma. Ya rasu kafin ruwan farko, da rana tsaka, hannun a dafe.

Zauren ya rushe tuntuni, gara ta cinye tsinkayen. Da na bar gidan ban ɗauki komai na kokawa ba sai kambun nan, don ba ni da wanda zan ba, kuma ba nawa ba ne balle in yar. Jikokina sun ɗauka laya ce, suna tsoronsa. Duk damina ina sauke shi in goge in shafa masa man kaɗe. Hannuna ba ya kaiwa sama yanzu, don haka ƙasa na sa aka kafa mini ƙusa, kusa da gado. In na kwanta, daidai fuskata yake.