Bulalar Da Ta Hana Ɗana Yin Ihu A Bakin Kanal

Assalamu alaikum. A shekarun da wannan abu ya same ni, ni ce matar da ake ba amare misali da ita a gidanmu in ana yi musu faɗan haƙuri. Ina da 'ya'ya uku, maza biyu da mace a goye, muna zaune a babban gida na gandu a wani ƙauye kusa da Birnin Tudu, ƙasar Bakura. Ban yi boko ba, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ku yi haƙuri da rubutuna. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Amma waɗanda abin ya shafa in an karanta musu za su gane kansu, kuma so nake su gane.

Ni asalina 'yar bakin gulbi ce, wajen Tsibiri ta ƙasar Maradun. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai bar ɗa ko ɗaya a gidansa ba sai da ya koya masa iyo, har mu mata tun muna ƙanana. Da rani in ruwa ya ja baya yakan kai mu inda bai wuce gwiwarsa ba, ya ba kowa gora ya rungume, ya tallafe mana ciki da tafin hannu muna bugun ruwa da ƙafa. Shi ya koya mana in ka gaji ka kwanta rigingine, in ruwa ya ja ka kada ka yi kokawa da shi, ka bi shi a karkace har ka kai gaɓa, in wani ya faɗa kada ka bi shi, ka miƙa masa sanda ko zane kana kiran manya. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ka tafi kai kaɗai kuma kada ka tafi ba ka faɗa ba. Haka na tashi, ina zaton ko'ina haka ake yi.

Gidan mijina kuwa kanal ne na noman rani ya ratsa ta bayansa, irin wanda aka dafe gefensa da siminti. In an sako ruwa yakan cika maƙil yana gudu, gefen ya yi gansakuka, santsi kamar an shafa karkashi, babba ma in ya zame ba ya samun abin kamawa. Dokar gidan tana hannun wan mijina, wanda yara ke kira Baba Babba, kuma maganinsa ga wannan ruwa tsumagiya ce. Kullum bayan la'asar yakan jera yaran gida a ƙofar zaure, ya kama hannun kowa ya ja farce a kan fatar. Wanda layi ya fito masa fari, to ya yi wanka a kanal, a nan zai ci na jaki. Kakarsu kuma tana daga ɗaki tana ba su labarin dodon da ke jan ƙafar yara. To, yaro yaro ne, ga zafin bazara, ga ruwa yana wucewa ta bayan katanga. Ba wanda ya daina zuwa. Abin da suka koya kawai shi ne su ɓoye 'yar kwalbar man gyaɗa a ramin katanga, in sun fito su shafe jiki, farce ya bi ya wuce ba alama. Kowace mace a gidan ta san da kwalbar nan, har da ni.

Na yi wa maigidana magana ba sau ɗaya ba, na ce ya bar ni in kai yaran nan biyu wurin yayana a Tsibiri su yi ko da wata guda su iya ruwa. Ya ce in bari, Yaya, wato Baba Babba, ya fi mu sanin abin da ya dace. Wata rana na yi ƙarfin hali na je na durƙusa gaban Yayan da kaina, bayan doguwar gaisuwa na faɗa masa. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce wai shi zai ba da 'ya'yan gidansu a mayar da su kwaɗi, ya ce in ni 'yar Sarkawa ce to su manoma ne, ƙasa suka gada, kuma wanda ya iya ruwa ai shi ruwa ke ci. Kafin in kai ɗakina maganar ta zagaye gida. Matan sassa suka sa mini suna Uwar Kada, in na zo ɗibar ruwa a randa sai wata ta ce a riƙe ni kada in yi nitso. Na yi murmushi na wuce, tunda ni ce mai haƙuri. Akwai ranar da aka manta ba a shafa man ba, aka zane babban ɗana har bayansa ya fashe, ina daka a tsakar gida ina jin kukansa, ban ɗaga kai ba. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Na ci gaba da dakana aka yaba mini kunya.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar dashen shinkafa, an sako ruwa. Bayan azahar sai ga babban ya shigo shi kaɗai, jikinsa na ƙyalli da mai, ya wuce bayan rumbu ya zauna. Na tambaye shi ina ƙaninsa, ya ce bai gan shi ba. Na zuba masa abinci, ya sa hannu ya bar shi a ciki. Sauran yaran gidan kuma duk sun ɗauko allunansu suna karatu ba wanda ya sa su, abin da ban taɓa gani ba. Na ce wa raina ko yana gidan maƙwabta. Aka yi la'asar, Baba Babba ya jera su, ya ja farce, kowa ya fita lafiya lau, ya ce Allah ya yi musu albarka. Sai a lokacin ya lura akwai yaro ɗaya da ba ya cikin layin. Aka shiga nema gida gida, yaran nan suna tsaye suna kallo, ba wanda ya ce uffan. Wata 'yar maƙwabta mai tallar gyaɗa ce ta ce ta ga takalmansa a bakin kanal. A bakin kwalbatin da ruwa ke bi ta ƙarƙashin hanya aka same shi. Ko haƙoran gaba bai gama sakewa ba.

Ni Musulma ce, na san kwana in ya ƙare ba makawa, kuma duk wanda ya zo mini ta'aziyya ya ce in yi haƙuri na amsa masa da haƙuri sai ma'aiki. Ban yi jayayya da ƙaddara ba. Abin da ya tafasa mini zuciya ya zo ne ranar sadakar uku. Ina zaune cikin mata sai na ji hayaniya a ƙofar zaure, na leƙa, sai ga Baba Babba ya sake jera yaran da sabuwar tsumagiya, wai sai sun faɗi wanda ya ja marigayi zuwa ruwa. Ya fara da ɗana. Yaron yana tsaye fitsari na bin ƙafarsa, ko kuka ya kasa. Ban san lokacin da na ratsa maza ba, mayafi ma a hanya ya faɗi. Na riƙe tsumagiyar nan da hannu biyu, na kira ɗana da sunansa a gaban kowa, na ce ya zo bayana. Na gaya wa Yaya shekara da shekaru yana duka, ya nuna mini yaro ɗaya da dukan ya hana zuwa kanal. Na ce abin da ya koya musu ƙarya ce da shafa mai da rufe baki, na ba shi ɗa ɗaya ya isa, wannan kuma wallahi sai dai ya fara da ni. Ya ce a janye masa mahaukaciya. Uwar mijina tana salati tana cewa yau ta ga matar da ta sayar da kunya, wai har da kiran sunan ɗan fari. Kwana uku da binne jikanta, abin da ya dame ta ke nan.

Bayan an watse na gaya wa maigidana ko ya kai mu Tsibiri ko in goya 'yata in ja ɗana mu tafi da ƙafa. Washegari ya nemo mota ta Talatar Mafara ya raka mu da kansa. A can yaron ya daɗe ko kallon gulbi ba ya so. Yayana bai matsa masa ba, yakan zaunar da shi a gaɓa ya ba shi gora ya riƙe, su yi ta hira. Sai da na ɗaure zane na shiga da kaina na miƙa masa hannu sannan ya taka ruwa. A nan, muna tsaye ruwa iya cinyarsa, ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Ya ce ƙanin nasa zamewa ya yi, ya ɗago kai yana kama siminti hannun na zamewa, yana kallonsa. Ya ce ya buɗe baki zai yi ihu, sai ɗan Baba Babba ya ce in manya suka ji an san sun zo ke nan, yau sai an kashe su. Sai ya toshe bakinsa da hannu. Suka gudu, suka wuce ta gaban wasu maza da ke dashe a gonar da ke gefen kanal, har ɗaya ya tsokane su ya ce ko kura ce ta koro su. Suka tsaya a katanga suka shafa mai. Ya tambaye ni ko Allah zai ƙona shi. Na ce masa a'a, kuma wanda zai amsa wannan tambayar gobe ba yaro ba ne.

Yanzu shi da ƙanwarsa duk sun iya iyo. Na koma ɗakina, ina gaida Yaya in durƙusa kamar da, shi kuma har yau bai ce mini ko sannu ba a kan wannan, kuma ina roƙon Allah ya sanyaya mini don ban kai ga yafewa ba tukuna. Iyaye 'yan'uwana, musamman mu da muke zaune kusa da kanal da gulbi da kududdufi, ku sani tsoratarwa ba ta raba yaro da ruwa, da ku take raba shi. Ku nemi babba mai hankali da ya iya ruwa ya koya musu a inda ba zurfi, kuna tsaye kuna gani, maza da mata. In ba ku da halin wannan, akwai abin da ba ya cin ko sisi. Ku tara su yau ku rantse musu cewa duk wanda ya yi ihu ko ya rugo da labarin wani ya faɗa ruwa, ba mai taɓa shi, ko da shi ya ja su can. Kada kunya ko girman wani ya rufe muku baki kamar yadda ya rufe mini. Da muka dawo daga Tsibiri na roƙi maigidana ya kai ni bakin kanal ɗin in gani da idona. Na tsaya daidai inda aka tsinci takalman, ga mutane can suna aiki a wannan gonar. Na ce musu sannunku da aiki, ban ko ɗaga murya ba, duk suka ɗago suka amsa.